Kundin aikin kwashe faifayen Kawu: kes, kebul da direba

Litinin, 3 ga Fabrairu, 2025

Yau na fara aikin kwashe ajiyar shagon hoto da bidiyo na Kawu da ke Rafin Atiku, nan Birnin Kebbi. Duk abin da ya ɗauka tun da ya bar kaset ya koma kyamara mai memori yana warwatse cikin faifayen kwamfuta goma sha ɗaya: bukukuwan aure, saukar Alƙur'ani, tafsirin azumi, hawan sallar Sarkin Gwandu, Uholar Zuru, Rigatar Yawuri, da kamun kifin Argungu. Bakwai ƙanana ne masu inci 2.5 da aka ciro daga laftof ɗin da suka mutu, huɗu manya ne masu inci 3.5. Burina in tattara komai cikin sababbin faifai biyu masu tera 8, kowanne kwafin ɗan'uwansa.

A shagon an riga an yanke wa rabinsu hukuncin mutuwa. Ni ban yarda ba, don na san yadda ake gwada su: a zura faifai cikin kes mai arha, wato akwatin da ke haɗa faifai da ramin USB, a soka a kwamfuta, in bai fito ba a ce ya ƙone. Alhali faifan da SATA yake magana, wato mahaɗin faifai na cikin kwamfuta, kwamfutar kuma ta ramin USB take saurare. Tsakaninsu akwai ɗan ƙaramin fanel a bakin kes, mai aisi guda ɗaya, wato ɗan guntun lantarki da ke sarrafa shi, wanda aikinsa na tafinta ne. In tafinta ya karkata zance, sai a ɗora wa mai magana laifin da ba nasa ba.

Doka ɗaya na kafa wa ƙanena da ke tsaron shagon: duk abin da Windows ta tambaya game da fomatin ko gyaran faifai, amsar a'a ce. Kayan aikina tsohuwar kwamfutar tebur mai Windows 10, da laftof mai Ubuntu, wani nau'in Linux.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Wuta da kebul tukuna, kafin a je maganar direba, wato manhajar da kwamfuta ke sarrafa na'ura da ita.

Ƙaramin faifai na farko da na ɗauko, da na soka shi sai ya fara juyawa, ya yi ƙas, ya tsaya, ya sake. Ƙanena ya ce, "Ka ji ko, Yaya? Haka yake yi tun bara." Na juya shi na nuna masa takardar da ke manne a bayansa: 5V, 1.0A. Ramin USB 2.0 abin da ƙa'ida ta ɗora masa shi ne 500mA, na USB 3.0 kuma 900mA, kuma lokacin da faifai ya fi jan wuta shi ne daidai sa'ad da motarsa ke tashi. Da na sa shi a mararrabar USB mai adaftar kanta, sai ya tashi sumul, foldojin suka bayyana. Biyu daga cikin waɗanda aka ce sun mutu yunwar wuta ce kawai ke damunsu.

Manyan kuwa ba sa tashi sai da 12V daga waje. Adaftar da ta zo da kes ɗin shagon an rubuta mata 2A, amma ba ta da nauyin komai a hannu, kuma da na sa mita na ga wutarta na zubewa da zarar faifan ya fara juyi. Na ajiye ta gefe.

Sai kebul. Akwai wani mai shuɗin baki da ya ƙi wuce mega 35 zuwa 40 a daƙiƙa, wato iyakar USB 2.0. A Ubuntu umarnin `lsusb -t` ya nuna 480M, gudun USB 2.0, inda ya kamata a ga 5000M na USB 3.0. Na sa reza na fere shi: wayoyi huɗu ne rak a ciki. Na USB 3.0 na gaskiya bakinsa na da ƙafafu tara, da ƙarin tagwayen wayoyi biyu da aka naɗe da rigar kariya. Shuɗin fenti ne kawai aka sayar wa Kawu. Wani abin lura kuma, ko da kebul mai kyau ne, in ka tura shi a hankali ƙafafun USB 2.0 ne ke fara haɗuwa, sai kwamfuta ta karɓe shi a ƙaramin gudu. A tura shi gaba ɗaya lokaci guda.

Talata, 11 ga Fabrairu

Nan na iso ainihin matsalar. Da wuta ta wadata, kebul kuma mai kyau, kwafi yana farawa da gudu sama da mega 100, ya yi 'yan mintoci, sai ya sauko sifili. Fitilar kes ta daskare, bayan kamar rabin minti ta farfaɗo, a ci gaba, a sake tsayawa. Wani lokaci faifan ya ɓace ɗungurungum. A Event Viewer na Windows na tarar da gargaɗi mai lamba 129 daga UASPStor, jere-jere, tare da 153. A Ubuntu kuma `dmesg` ya cika da `uas_eh_abort_handler`, biye da saƙon cewa an sake tayar da na'urar.

Abin da ya buɗe min ido shi ne maganar ƙanena, cewa a tsohuwar kwamfutar shagon mai Windows 7 wannan kes ɗin bai taɓa tsayawa ba, sai dai jinkiri.

Hanyoyi biyu ne faifai ke bi ta USB. Tsohuwar sunanta BOT, tun 1999 take: kwamfuta ta aika umarni ɗaya, a yi jigilar bayanan, a dawo da amsa, sannan a aika na gaba. Sabuwar ita ce UAS, da ta zo a zamanin USB 3.0. Ita ta ware hanyoyi huɗu, ta umarni, ta amsa, ta shiga da ta fita, kuma tana barin a jera umarni da yawa a layi, faifan ya yi su yadda ya fi masa sauƙi. Windows ta fara ɗaukar UAS da kanta daga Windows 8 a 2012. A Linux sai a 3.15, shekarar 2014, direban ya fara aiki sosai. Windows 7 ba ta san da ita ba, shi ya sa can komai ke tafiya ta BOT lami lafiya.

Kes mai UAS duka hanyoyin biyu yake tallatawa. Da `lsusb -v` za ka ga `bInterfaceProtocol` sau biyu: 80 na BOT, 98 na UAS. Kwamfutar zamani in ta ga 98 sai ta ɗauka, don ta gaskata abin da aisin ya faɗa game da kansa. To aisin wannan kes ɗin ya ce ya iya, amma da layin umarni ya yi tsawo sai ya rikice. Ba sabon abu ba ne: cikin Linux akwai fayil guda, `unusual_uas.h`, da ba ya ƙunshe da komai sai jerin na'urorin da aka kama da irin wannan hali.

Ina so masu gyara 'yan'uwana su ji wannan da kyau. Babu wani direba da za ka sauko da shi daga intanet don irin wannan kes. Direbobin biyu, `usbstor.sys` da `uaspstor.sys`, cikin Windows suke tun asali. Manhajojin nan masu alkawarin sabunta direba ba abin da suke ƙara wa kwamfutar mutum sai talla da nauyi. In kana son sanin wanne ke aiki, buɗe Device Manager: in ka ga sunan da ke ɗauke da UAS ƙarƙashin Storage controllers, to sabuwar hanya ake bi.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Maganin a Linux layi ɗaya ne. `lsusb` yana ba da lambobi biyu na kowace na'ura, ta kamfanin da ta samfurin. Masu yin irin wannan aisi ba su da yawa, da ka saba za ka riƙa gane su: 152d JMicron ne, 174c ASMedia, 0bda Realtek, 2109 VIA Labs. Sunan da aka buga a kwali ba ya gaya maka komai, don kes biyu masu kwali iri ɗaya kan zo da aisi daban.

Na rubuta lambobin kes ɗin da harafin u a ƙarshe, a siffar `xxxx:yyyy:u`, cikin `/sys/module/usb_storage/parameters/quirks`, na zare kebul na mayar. Harafin u yana nufin a ƙyale UAS. Nan take `dmesg` ya ce an koma usb-storage, direban BOT, `lsusb -t` ma ya tabbatar. Na bar shi yana kwafe foldar tafsiri mai giga 400 da wani abu, ya kai ƙarshe ba tare da tsayawa ko sau ɗaya ba. Don kada saitin ya goge in an kashe laftof, na sa shi cikin fayil a `/etc/modprobe.d/` na sabunta initramfs.

Gudun da na rasa bai taka kara ya karya ba. Faifai mai juyawa, da manyan fayilolin bidiyo da ake karantawa a jere, gudunsa bai wuce abin da BOT a kan USB 3.0 ke iya ɗauka ba. Inda UAS ke nuna fifiko shi ne SSD, faifan da ba ya juyawa, da tarin ƙananan fayiloli. Windows ba ta da maɓalli mai sauƙi irin wannan, don haka duk aikin karatu ya koma Ubuntu.

Wani abokin sana'a ya ba ni shawarar in sake wa aisin manhajar cikinsa. Na ƙi. Fayilolin da ke yawo ba a san asalinsu ba, kuma aisi mai suna ɗaya kan zauna a fanel daban-daban. Kes ba shi da tsadar da zan sa amanar mutane a caca dominsa.

Talata, 18 ga Fabrairu

Lafiyar faifayen. Kowane faifai yana riƙe da rahoton kansa da ake kira SMART, amma sai aisin ya yarda ya wuce da tambayar, ta wata ƙa'ida mai suna SAT. Da kes ɗaya CrystalDiskInfo bai ga komai ba. Da wani kuma `smartctl` ya ƙi, sai da na ƙara masa `-d sat` ya zubo rahoton duka.

Lambobi huɗu nake dubawa: 5, guraben ajiyar bayanai da suka lalace aka musanya, 197, waɗanda ake shakka a kansu, 194, zafi, da 199, kurakuran hanya tsakanin faifai da fanel. Ta ƙarshen nan ta hau sosai a wani faifai, kuma tana ƙaruwa ina kallo. Da na zare shi na ga ƙurar hunturu ta yi kauri a haƙoran SATA, har ta yi ja. Na goge da burushi da ɗan sifirit, lambar ta tsaya inda take. Ba ta komawa sifili, tarihi ce, abin dubawa shi ne ko tana motsi.

Sakamako: takwas lafiyarsu ƙalau, ɗaya na da 197 mai yawa, ɗaya ba ya juyawa ko kaɗan, ɗaya kuma IDE ne, tsohon mahaɗin da ya gabaci SATA, ba ni da abin haɗa shi tukuna.

Ƙaramin abu: kes biyu na shagon lambar siriyal ɗaya suke bayarwa, don haka in an soka su tare Windows ɗaya kawai take nunawa. Ɗaya bayan ɗaya ake sa su.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Faifan da ya fi tayar wa Kawu hankali mai tera 3 ne. Asalinsa cikin kes ɗinsa na kamfani ya zo, wuta ta dawo da ƙarfi wata rana ta ƙona fanel ɗin. Aka fasa robar, aka ciro faifan, aka sa a wani kes. Windows ta nuna wani yanki mai giga 349 da ba ta gane tsarinsa ba, sauran kuma ta ce fili ne, ta nemi a yi fomatin. Allah ya kiyaye ba wanda ya danna.

Kawu ya zo da kansa bayan la'asar, ya zauna a benci yana kallon allon. Ya ce, "Ɗana, hwaɗa mini gaskiya, wanga abu ya tahi ko yana nan? Bikin ƙanwarka na ciki, da Argungun da munka ɗauka." Yana nufin na Maris 2020, wanda aka yi bayan an shafe shekaru ba a shiga Matan Fada ba. Kwana ya yi a can da kyamara biyu.

Na ce, "Kawu, in sha Allahu yana nan. Lissafi ne ya saɓa."

Lambar 349 ɗin ce ta ba ni tabbaci, don in ka ninka ta sau takwas za ka samu girman faifan kamar yadda Windows ke ƙirga shi. Tsohon tsarin raba faifai, MBR, ba ya ƙirga gurbi fiye da abin da lamba mai bit 32 za ta ɗauka. In kowane gurbi bayit 512 ne, iyakarsa tera 2 da 'yan kai. Lokacin da faifai masu tera 3 suka fito, jama'a da yawa na kan Windows XP, wadda ba ta karanta sabon tsarin GPT. Sai masu kes suka yi dabara: aisin ya riƙa haɗa gurbi takwas ya gaya wa kwamfuta gurbi ɗaya ne mai bayit 4096. Da haka MBR ke kaiwa tera 16. Duk adireshin da aka rubuta a faifan Kawu da wannan ma'auni aka rubuta shi. Sabon kes kuwa 512 yake faɗa, sai kowane adireshi ya faɗa wurin da ba nasa ba.

Na gwada kafin in taɓa komai. `fdisk -l -b 4096` ya nuna yanki ɗaya da ya cika faifan. Na ninka lambar farkon yankin da 4096, na leƙa wurin, sai ga haruffan NTFS, tsarin fayil na Windows, a zaune. Daga nan na yi amfani da `losetup` da `--sector-size 4096`, da `-r` don karatu kawai, da `-P` don ya fito da yankin. Na ɗora shi, foldoji suka jeru da sunayen da Kawu ya ba su da hannunsa. Na buɗe guda: masunta sun yi sahu a bakin ruwa da homa da gora, ana jiran a ba da alama. Kawu ya cire hula ya riƙe a hannu yana ta hamdala, sannan ya ce a buɗe masa na bikin.

Gargaɗi ga mai irin wannan faifai: kada ka yar da fanel ɗin da ya ƙone. Wasu kes na kamfani suna kulle bayanai da sirri a cikin aisin ko da ba ka sa kalmar sirri ba, kuma a irinsu dabarar nan ba ta aiki, sai an nemo fanel irinsa ko an gyara nasa. Namu bai zama haka ba.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya kama tun ranar 1 ga wata, zafi ma ya fara. Aiki ya koma dare, daga bayan asham zuwa sahur. Da rana lamba 194, ta zafi, ta kai digiri 55 cikin kes na roba, alhali yawancin faifai 60 ne iyakar da aka yarje musu. Yanzu tsirara nake ajiye su a kan tayil, fanka na busa su.

Faifan nan mai ciwo, mai 197 da yawa, ban bi da shi ta USB ba. In faifai ya ci karo da gurbin da ya lalace yakan daɗe yana ƙoƙari, aisin kes kuma ba shi da haƙuri, sai ya sake tayar da komai. Na haɗa shi kai tsaye da SATA na kwamfutar tebur, na tayar da ita da Ubuntu daga filas, na sa `ddrescue`. Zagayen farko da `-n`, ya kwashe mai sauƙi ya tsallake wuraren wahala, sannan a dawo musu. Fayil ɗin taswirar da yake rubutawa shi ne gatanmu a garin nan: in an ɗauke wuta, inbata ma ta gaza, daga inda ya tsaya yake ci gaba. Kusan komai ya fito. Bidiyo uku na wani biki a Kalgo ne ke da 'yar tsalle a tsakiya.

Sabon kes ɗin da na saya yana sa faifai barci in ya yi minti goma ba a taɓa shi ba, kuma bai kula da `hdparm`. Agogon cikin aisin yake. Ba ya ɓata komai, jinkiri ne kawai in zai farka.

Alhamis, 20 ga Maris

Ƙanena ya kawo ƙari: SSD siriri na M.2 daga laftof ɗinsa da ruwa ya shiga. Ya sayi kes, ya shiga daidai, amma shiru. Nasa mai tsaga biyu ne a baki, SATA ne, kes ɗin kuma na NVMe zalla, wata hanyar magana daban da SATA. Ramin ɗaya, maganar daban. Aisi irin JMS583 da ASM2362 NVMe kaɗai suke ji, RTL9210B kuwa yana jin duka biyun. Na yi odar mai shi daga Kano, za a ba direban mota ya kawo tasha.

Asabar, 5 ga Afrilu

An yi sallah ranar Lahadi, na dawo aiki. Kes ɗin Kano ya iso, SSD ɗin ya buɗe nan take.

Sababbin faifai biyun na raba su da GPT, na yi musu NTFS. Na bar exFAT duk da cewa ya fi shiga kowace na'ura, saboda ba ya riƙe rajistar abin da yake cikin rubutawa, kuma mu nan ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki ba baƙon abu ba ne. FAT32 ba ya ma cikin lissafi, tunda ba ya ɗaukar fayil da ya wuce giga 4. Kafin in zuba komai na duba `blockdev --getss` ta cikin kes da kuma kai tsaye ta SATA, duka suka ba da 512. Ke nan in kes ya ƙone gobe, kowane kes zai buɗe su. Na rubuta wannan da maka a jikin kowanne, tare da lambobin aisinsa.

Faifai tara da SSD ɗin sun shiga kwafi na farko. Ina lissafa `sha256sum` na kowane fayil a tushe da kuma a kwafi, don fayil kan iya nuna girmansa daidai alhali cikinsa ya gurɓata, musamman waɗanda aka taɓa kwafewa ta kes ɗin nan mai tsayawa. An kammala tantance kamar kashi biyu cikin uku. In an gama, kwafi na biyu zai tafi Jega wurin ƙanin Kawu, don kada gobara ko ɓarawo su haɗa su a ɗaki ɗaya.

Saura biyu. Na IDE mai ƙafa 40 yana jiran adafta mai wutar Molex, kuma sai na mayar da jamfarsa kan master kafin in gwada. Wanda ba ya juyawa kuwa ko ta SATA kai tsaye bai motsa ba, ba ƙara, ba ɗumi. Na ga wani ɗan diyod kusa da bakin wutarsa ya yi baƙi, irin wanda ake sawa don ya tare wuta in ta yi yawa. Ranar Litinin zan auna shi da mita. Murfin faifan kam ba zan buɗe shi a ƙurar shagona ba, na kuma faɗa wa Kawu haka, ya ce in yi abin da na ga ya dace.